Neman Unguwa da Kunne

Daga Kura

Kafin kiran assalatu na ɗaure wa jakina mangala na kama hanyar Kano. A shekarun nan jirgin ƙasa ya fara zuwa, ɗinkin riga yana ci a birni, ni kuwa maɗinki ne. Matsalar ɗaya ce: Inna, mahaifiyata, ta rantse ba za ta bi ni inda za ta mutu da kaɗaici ba, ni kuma ba na iya barinta. Ta ce kada in dubi gini, in saurari turmi. Unguwar da mata ke lugude, wato taɓare da yawa a turmi guda, nan ake zaman lafiya.

Da hantsi na haye kogin Challawa, ruwa iya gwiwa, jakin yana ta gardama. Da la'asar na shiga ta Ƙofar Ɗan'agundi.

Sheshe da Zaitawa

Na sauka a unguwar Sheshe wajen wani fatoma mai saukar da baƙi, Baba Audu, ya cika ni da gurasa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi bai taɓa ganin mai neman gida da kunne ba. Duk da haka da sassafe ya raka ni. Sheshe ga kasuwa kusa, raina ya biya ƙwarai, amma kowane gida taɓarya ɗaya ke tashi. A Zaitawa aka nuna mini soro mai kyau, na tsaya jikin katanga kamar ɓarawo, ban ji komai ba.

Gwammaja

Washegari muka nufi Gwammaja, can gindin Dala. Tun daga bakin lungu na ji luguden, taɓare uku, har da tafi da guɗa. Gidan da ke kusa kuwa katangarsa ta zube, ɗaki biyu kacal. Baba Audu ya ce in yi tunani. Ina! Nan take muka je wajen mai unguwa na kama gidan.

Komawa gida

Na iso Kura da magariba. Inna ba ta tambayi ɗaki ko rijiya ba. Na kife ƙwarya na kaɗa mata yadda na ji. Ta saurara, ta sa na maimaita.

"Su uku ne," in ji ta. "Da sauran wurin mutum ɗaya. Ɗauko mini taɓaryata."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba Audu da alheri.