Tarin Inna a Kan Rufi

Har yau in aka farke buhun busasshiyar citta a shagona, sai na fita waje na sha iska. Da ita na yi arziki, ban musa ba, amma ba na ƙaunarta.

A unguwar Misfala na tashi, zamanin da raƙuma suka fi motoci yawa a Makka. Gidanmu ƙarami ne. In aikin Hajji ya matso, sai mu naɗe tabarmi mu koma kan rufi, a ba alhazai hayar ɗakunan. Abin da aka samu a watan nan, shi za a ci har shekara ta zagayo.

Wata shekara Hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, duwatsu kamar an hura musu wuta. A lokacin Inna, mahaifiyata, ta fara tari. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ke riƙe da gida. Ta san in baƙo ya ji tari a samansa zai tattara kayansa, ya kuma gaya wa na baya. Sai ta riƙa dafa citta mai kauri tana ɗura wa Inna. In alhazai na tsakar gida, ta cusa mata guntu a baki, ta tauna ta yi shiru.

Cikin baƙinmu akwai wani tsoho daga ƙasar Sin. Ya hau rufi shanya haraminsa, ya ga jini a tsumman Inna. Da ɗan Larabcinsa ya ce wa Kaka, a garinsu wanda sanyi ya kama ake ba citta. Mai tofar da jini kuwa wuta ake ƙara masa. A kai ta wurin likita.

Kaka ta ce, "Ya Hajji, sauka. Ɗaki ka kama, ba rufi ba."

Baba ya ce, "Iya, ko dai mu..."

Ta ce, "Bayan Arfa."

Inna ba ta kai Arfa ba. Masu gaisuwa suka yi ta cewa ta dace, ta cika a Makka cikin watan Hajji. Kaka na amsawa, tana zuba musu shayi.

Ban ce citta ce ta kashe ta ba, ni ɗan kasuwa ne. Na dai san an zaɓi haya.

An rushe gidan tuntuni. Otal ne a wurin yanzu, hawa kan hawa. Masu share ɗakunansa har da jikokin mutanen unguwarmu, kuma na tabbata in tari ya kama ɗayansu lokacin alhazai, haɗiye shi yake yi.