Ba a Ɗora wa Kai Kaya

Shekarun da na yi a Mpape, bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na wata nas. Ni ma'aikatar gwamnati nake zuwa, kullum da sassafe ina kokawar mota a bakin titi, ita kuma asibiti. Ranar farko da na ce mata Bagwariya, sai ta gyara min tana dariya: "Anti, Gbagyi. Ku ne kuka lanƙwasa mana suna." Daga nan muka saba.

Abin da ya haɗa ni da ita shi ne ganga. Duk Asabar da yamma sai ta tara matasan unguwa a filin firamare, masu fasa dutse da 'yan acaɓa da 'yan mata masu talla, wai wasan kwaikwayo suke shiryawa da rawa. Ni kuwa hutun kunne nake nema. Na taɓa ce mata, mutum ya wuni yana yi wa jama'a allura, ya dawo ya kama tsalle-tsalle, ai wannan sai addu'a. Ta ce labarin ƙauyensu take so a gani. Tana ƙarama katafila ta shiga ta rushe shi, aka kwashe su zuwa wajen Kuje, yanzu manyan gidaje masu jan rufi ne a inda ƙauyen yake a da.

Matsalar ita ce mahaifiyarta. Da tsohuwar ta ji labari, sai ta aiko cewa in dai aka mai da kukanta abin tafi, ƙafarta ba za ta sake taka ɗakin 'yarta ba. Ba ta kuma faɗa da wasa ba. Da can takan zo da doya a kai a kai, har ni ina samun rabona, amma aka shiga wata da watanni babu ita babu doya. Ta bangon nan na sha jin maƙwabciyata a waya tana cewa "Mama, Mama," sannan shiru. Na san abin yana cin ta, ita kuma ta ƙi fasa wasan.

Ranar wasan, bayan La'asar, na je ne don kar a ce ban je ba. Filin ya cika maƙil. Can jikin katanga sai na hango tsohuwar a tsaye, ta ƙi kujera, fuska a murtuke. Ashe ta zo ne ta ga abin da idonta.

Wasan ba shi da yawan magana. Aka fara da rawar noma da daka, sai kiɗa ya canza, samari suka shigo da fallayen kwano ɗaure a hannuwa, su ne katafila. Babu wanda yake wurin da bai san ma'anar jan fentin da ake shafa wa bangon gidan da za a rushe ba, don haka filin ya yi tsit. Ban taɓa zaton yaran da nake kora daga bakin ƙofata suna da wannan abu a jikinsu ba.

Sai aka zo wajen barin gari. Wata yarinya Bahaushiya, 'yar telan layinmu, ita ce za ta ɗauki babbar ƙwarya da duwatsun murhu a ciki ta fita da su. To, matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, komai nauyinsa. Sun ce kai shi ke yi wa jiki tunani, ba a wulaƙanta shi. Maƙwabciyata ta yi ta nanata wa yarinyar wannan har muryarta ta dishe. Amma ga jama'a, ga nauyi, ga tsoro, sai hannun yarinya ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama. Ta ɗora ƙwaryar a ka.

Yawancinmu ba mu ga laifi ba. Ni ma sai da na ga maƙwabciyata a bayan makaɗa ta dafe baki sannan na gane. Sai ga tsohuwar tana ratsa mutane, ba sannu ba gafara. Na ce a raina, shi ke nan, yau za a yi ta. Kiɗa ya tsaya.

Ta isa gaban yarinyar, ta sauke ƙwaryar. "Yarinya, ba haka ba," in ji ta, da irin Hausarta. "Kai ba jaki ba ne. Ranar da an kore mu ma, ba mu sa kaya a kai ba."

Sai ta ɗaga ƙwaryar ita kaɗai, ta aza a kafaɗarta, ta fara tafiya. Ba rawa take yi ba, tafiya ce kawai, amma mai babbar ganga ya soma bin sawunta a hankali. In ta ɗan taka sai ta waiga, ta kira wani abu da harshensu. Daga baya 'yar ta gaya min rijiyarsu take kira, da bishiyar ɗorawar ƙofar gida, da kabarin mijinta. A lokacin ban ji ko kalma ɗaya ba, amma wallahi na ga garin, na kuma ga ana barinsa. Mutane suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Wani ƙato mai fasa dutse a gefena yana share hawaye da hularsa, ni ma da ba na kuka a gaban mutane ban iya riƙewa ba.

Da ta kai ƙarshen fili ba ta tsaya ba. Ta fita ta ƙofar makaranta, ta kama 'yar siririyar hanyar da ke hawa tudu, mu kuma muna biye da ita kamar an ja mu da igiya, har cikin gidanmu. A bakin ɗakin 'yarta ta ja ta tsaya.

"Ke," ta ce, ba ta ko waiga ba, "buɗe ƙofa. Kayan nan yana da nauyi."

Maƙwabciyata ta ciro makulli, ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Ni na ɗauka na buɗe, tsohuwar ta shiga da ƙwaryarta a kafaɗa.