Tafin Hannun Dolores Pietrzak

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ƙarfe shida na safe Dolores Pietrzak take kunna murhun ɗumama yumɓu a ɗakin zanen motoci na kamfaninmu a Detroit. Ta cire zobenta, ta kurɓi kofi, ta hau shafa jikin motar yumɓun da muke siffantawa. Makon nan za ta yi ritaya.

Marigayi Orval Brandvold ne ya ɗauke ta aiki, mutumin da ya kafe cewa mota ba akwatin ƙarfe ba ce, sai an sassaƙa ta da yumɓu kafin injiniyoyi su taɓa ta. Shi jaridu sun yi ta yabonsa. Abin da ya koyar kuwa a hannun Dolores ya rage.

Ni shaida ne. Shekara huɗu da suka wuce, sau biyu manyan kamfani suna watsi da zanena, kuma an faɗa mini in na uku ya faɗi, zanen marfin tankin mai zan koma. Ranar da za su zo dubawa ina ta washe baki, don a kwamfuta komai ya zauna daram. Dolores ta rufe ido, ta bi saman ƙofar baya da tafin hannu, ta tsaya.

"Farfesa, motarka ta kumbura a nan."

Da sunan da take tsokanata ke nan. Na ce ai kwamfuta ba ta nuna ba. Ta ce kwamfuta ba ta taɓa wanke mota ba. Ta sa muka manna takarda mai sheƙi a gefen, muka turo motar harabar kamfani, domin Brandvold ya hana a yanke wa mota hukunci a ƙarƙashin fitila. Rana na dukanta, layin haske ya taho santal daga gaba, yana zuwa ƙofar baya ya karye. Saura awa uku manya su iso.

Ko gori ba ta yi mini ba. Ta ɗauki makankari ta rage abin da bai fi kaurin farce ba, layin ya miƙe. Manya suka zagaya sau biyu, suka amince. Ni kam zama na yi a ƙasa.

Dolores, ke ce gwanar da ba a tafa wa. Mun gode. Ku kuma masu tasowa, ku bar kujera ku je ku sa hannu a yumɓu yadda take yi.

Motar tana kan titi yanzu. Shekara guda ana tambayata wa ya yi ta, ina cewa ni. Daga yau na gyara amsar.