Mai Makulli da Muryar Baba Makanike

A wani kamfani da ke kafa injinan ruwa yana kuma gyara su, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Makulli. Ba ƙofa take buɗewa ba. Ita ce ke kula da shafin cikin gida na ma'aikata, inda suke ɗora hotunan aiki, su bar wa juna saƙo, su duba wa aka tura ina. Ita ke buɗe wa sabon ma'aikaci asusun shiga shafin, ita ke cewa wane zai ga kaza, wane ba zai gani ba. Teburinta na can lungu, tsakanin injin buga takardu da wata fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa.

Yau idan ka je ka ce mata wane ya bar aiki, a goge shi, kallon da za ta yi maka sai ka duba rigarka ko ka zubar da wani abu. "Ba na goge mutum," za ta ce. "Dakatar da shi nake yi, in kwashe kayansa in mayar sashensu, in kira wani ya zo ya buɗe su a gabana." In kuwa ta ga ka ɗora abu, sai ta tsare ka da tambaya: a ɗakin ajiyar wa ka sa shi a shafin, naka ko na sashe? Sababbin ma'aikata suna cewa ta cika tsirfa. Tsofaffin ba sa cewa komai, sun san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Da aikin buga takardu ta shigo kamfanin. Ita ce babba a gidansu, tun tana ƙarama ta saba da kimtsa ƙanne da kayansu, har ta girma ba ta iya ganin cokali a inda ba wurinsa ba. Mijinta yakan ce shi ya sa ba ya daɗewa a kujera ɗaya, kada a haɗa da shi a share. Lokacin da aka damƙa mata shafin, ta tarar da shi kamar ɗakin da aka yi gobara. Wanda ya kafa shi ya ba kowa izinin komai, ya kama gabansa. Direba na iya goge takardar manaja, mutanen da suka bar aiki tuntuni suna nan suna leƙen abin da ake ciki. Ta zage ta gyara. Ta daina ba mutum ɗaya-ɗaya izini, ta raba su sashe-sashe, kowane shafi ta sa masa mai shi da za a tuhuma. Ta kuma kafa doka: duk wanda ya bar aiki, a makon nan za a goge asusunsa. Tana alfahari da dokar nan, kuma maganar gaskiya, ba wanda ya taɓa ganin aibunta.

Baba Makanike kuwa shi ne mafi tsufa a sashen gyara. Yatsunsa sun yi kauri da riƙon sifana, in ya zo danna harafi ɗaya sai uku su fito. Ita da kanta ta zaunar da shi ta nuna masa yadda zai naɗi murya a wayar aiki ya ɗora. Ashe ta buɗe famfo. Duk injin da ya je gyarawa sai ya kara masa waya a ji kukansa, sannan ya hau bayani: "Kun ji wannan gurnanin? Kada wani ya ce mini motar injin ce ta ƙone. Bel ne ya saki, ku ɗaure shi ku bar mutane su sha ruwa." Ya yi faɗa, ya yi tsokana, wani lokaci har da waƙa. Shekaru yana yi, makanikai suka sa wa shafin suna Kunnen Baba, don ba mai taɓa injin da ya gagara sai ya fara saurare.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mai Makulli ta je asibiti ta duba shi, ta fito tana share ido. Da aka yi masa ritaya, ofishin ma'aikata ya aiko mata da sanarwa kamar kullum, ita ma ta yi abin da ta saba. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, da wasu ƙananan rubutu a ƙasa da ta daɗe da daina karantawa. Ta danna. Wayar aikinsa da aka dawo da ita ma ta wanke ta tas, ta ba wani.

Sai bayan wata biyu 'yar Baba ta zo ofis, wata malamar makaranta mai sanyin murya. Ta gaishe ta, ta zauna a bakin kujera.

"Anti, alfarma na zo nema. Likitan da ke koya wa Baba magana ya ce in muna da muryarsa ta da, mu riƙa kunna masa, ko Allah zai sa harshen ya tuna hanya. Muka duba, wallahi ba mu da ko ɗaya. Kin san shi, a gida ba ya magana, duk surutunsa a nan yake zubar da shi."

Mai Makulli ta yi dariya, har da jin daɗi. "In dai muryar Baba ce, ai sai kin gaji da ji. Matso ki gani."

Ta buɗe Kunnen Baba. Ga sunayen nan reras, shafi bayan shafi. Ta danna na farko, kwamfuta ta ce ba a sami fayil ɗin ba. Ta ce sabis ne, ta danna na biyu. Haka. Ta gangara can ƙasa ta danna wani tsohon fayil da ta san shi sarai, wanda yake yi wa wani injin waƙa. Haka dai. Ta ruga kwandon shara na shafin, inda abin da aka goge yake zama kafin ya ɓace, ta tarar da shi wayam.

"Anti, lafiya?"

"Ina zuwa," ta ce, ba ta ma san da wace murya ta faɗa ba.

Ta fita baranda ta kira kamfanin da ya sayar musu da manhajar. Wani mutum mai ladabi ya saurare ta, ya duba, ya yi mata bayani dalla-dalla kamar mai karanta hukunci. Duk abin da Baba ya naɗa, a ɗakin ajiyarsa na kansa wayar ke ajiyewa. Shafin sashe taga ce kawai da ake hango su ta ciki. Da ta goge asusun, ɗakin ya tafi da kayansa, aka bar taga da sunaye. Kwandon yana riƙe abu wata guda ne, watan kuma ya wuce. Ta tambayi ajiyar ko-ta-kwana da ake yi duk mako. Ya ce wannan ɗakunan sashe kaɗai take kwashewa, haka aka saita ta tun farko, ba wanda ya taɓa cewa a canza.

"Malam, ba wata dabara? Ko nawa ne?"

"Hajiya, da kin kira da wuri."

Innalillahi kawai take maimaitawa. Ta sauka gareji da sauri har takalminta na fita. Makanikai suna zaune kan benci, ta tambaye su me ya sa ba wanda ya gaya mata muryoyin sun daina buɗuwa. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce ya ɗauka sabis ne, ɗaya ya ce ya ɗauka wani ya riga ya faɗa. Ta ce to, a cikinsu wa ya taɓa sauke ko guda ɗaya a wayarsa?

Shugabansu ya cire hula ya sosa kai. "Malama, ai ke kika rufe saukewa. Kika ce sirrin kamfani ne, a saurara a nan a bar shi a nan."

Ita ce kuwa. Ta tuna ranar, ta tuna har manaja ya yaba mata. Ta nemi bakin benci ta zauna cikin baƙin mai, ba ta ko lura ba. Sai a lokacin makanikan ma suka gane abin da suka rasa. Manaja da labari ya kai masa ya sauko da kansa, ya tsaya baki buɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ke? Ke da kanki?"

'Yar Baba ta ce ba komai, za ta gaya musu a gida. Mai Makulli ta ce a'a, hannunta ne ya danna, bakinta ne zai faɗa.

Da la'asar suka isa. Baba na zaune a falo kan kujerar roba, an tokare masa gefe da matashi, hannun daman na kwance a cinyarsa. Da ya gan ta rabin fuskarsa ya yi murmushi. Matarsa ta kawo ruwa tana cewa, "Ga 'yarka ta ofis, ta kawo maka surutunka." Wannan maganar ta kusa sa ta juya ta gudu.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ban kawo komai ba. Duk abin da ka naɗa, ni na goge shi. Ban sani ba, amma ni ce. Ba ko ɗaya da ya rage."

Ya dube ta. Sannan ya miƙo hannun hagu ya damƙi wuyan hannunta, da ƙarfin da ba ta zata yana da shi ba. Leɓensa ya hau rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne.

"Cewa yake ba komai, ƙaddara ce," in ji matarsa da sauri.

Ya girgiza kai.

"Ko yana tambayar makanikai ne, da me za su yi aiki yanzu?" in ji 'yar.

Ya sake girgiza kai, da ƙarfi, har matashin ya zame. Ya ƙara matse hannunta, ya ja numfashi, ya sake gwadawa. Sautin nan dai ya kuma fitowa, hawaye na bin gefen da ya shanye. 'Yar ta juya fuska bango.

Mai Makulli ta matso da kunnenta kusa da bakinsa. "Ina ji, Baba. Sake faɗa."

Ya sake, ya kuma sakewa, har ya gaji ya saki hannunta. Ta tashi ta yi musu sallama ba ta san ko yafe mata ya yi ba, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mata.