Maza Bakwai Masu Lafiya

Ni dai ban taɓa yin wayon da ya amfane ni ba. Karatuna bai kai izu biyu ba, amma a ƙaryar ciwon ciki na yi sauka. Shi ya sa har yau in na ji warin jiƙon kanwa sai in tashi in bar wurin.

Bayan an gama yankan dawa ne, lokacin yaƙin Bama na zamanin Turawa, takarda ta iso ƙauyenmu na gefen Kusada daga wani Baturen soja. Ka ji abin da ke ciki: a turo maza bakwai masu lafiya Kankiya ranar kasuwa. Shi ke nan. Ba a faɗi aikin ba, ba a faɗi kwanakin ba. Daga baya muka ji wai masu son shiga soja da kansu yake nufi. Malamin hakimi ya ɗauka dole ce. Dagacinmu kuwa ya ce ai aikin hanya ne, irin wanda ake kwasarmu duk rani. Duk cikinsu babu wanda ya iya buɗe baki ya tambayi na sama da shi. Tir.

A aikin hanya gida-gida ake bi, kuma karon gidanmu ne, karona. Na tasa, gemu ya fara tsiro. Na kwanta ina birgima a zaure ina riƙe da cibiya. Inna ta jiƙa mani kanwa, na shanye ina leƙen ƙofa ta gefen ƙwarya.

Yayana shi ke haƙa rijiyar ƙauyen, ya kai gaba tara, ƙasa ta fara danshi. Ya fito da jar laka a gwiwa, ya dube ni ya ce, “Raggo, kwana uku ne. Ka kula mani da igiya.” Su bakwai suka tafi da kwanduna da diga da guzurin kwana uku.

Ashe soja aka sa su. Bayan yaƙi biyu suka dawo, ba shi a ciki. Rijiya ta rufta da damina. Mata suka gaji da tafiyar ɗiban ruwa, aka watse, wasu Kaikai, wasu Kafin Soli. Yau wurin gonar gyaɗa ce, jikokina ba su yarda an taɓa yin gari can ba. Duk saboda takarda mai layi biyu ta Baturen nan da ya yi ƙyuyar ƙara na uku.

Inna ba ta taɓa yi mani faɗa ba. Sai da ta tsufa, ina miƙa mata fura, ta ce, “Auta, cikin naka ya bar ciwo?”