Karara da Hannun Baba

Hannun Babanmu na dama ne ya fara rawa. Malamin allo ne a Zongon Lome, kakansa ya zo daga Katsina, kuma shi ke jan sallah a masallacin layinmu. Da farko ya ce gajiya ce. Daga baya alƙalami ya ƙi tsaya masa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, har ya bar wa na'ibinsa limanci ya koma sahun baya.

Mutanen unguwa suka ce sammu ne. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai sa karkarwa, ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke sassauta shi. Ƙwayar ta yi masa amfani, sai dai wani watan mu zaga kantunan magani har unguwar Hédzranawoé mu dawo hannu rabbana.

A lokacin ina karatun haɗa magunguna a jami'a. Malamarmu, wata 'yar ƙabilar Ewe mai ƙarancin magana, tana bincike kan karara, waken nan mai gashi da ke sa ƙaiƙayi. Ta ce sinadarin da ke cikin ƙwayar Baba yana cikin 'ya'yansa. Matsalar ita ce wani iri yana da shi da yawa, wani kaɗan, kuma in aka sha da ka yana iya cutarwa. Na roƙe ta ta sa ni cikin aikin.

Na sha ƙaiƙayi. Nakan sayo waken a kasuwar Assigamé wajen mata masu sassaƙe, in ɗauko shi a kan zemijan, wato babur ɗin haya. Mu soya, mu ɓare, mu niƙa, mu auna, sakamako ya fito daban da na jiya, mu sake. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin 'yar boko mai warin soyayyen wake ba. Sai da damina biyu ta wuce kafin muka samu iri ɗaya da suya ɗaya da ke ba mu awo marar canzawa.

Da aka ba da izinin gwaji a ƙarƙashin kulawar likita, na durƙusa gaban Baba na yi masa bayani. Ya dube ni ya ce:

"Ke kika auna da hannunki?"

"Ni ce, Baba."

"To, kawo."

Likita ya fara masa da kaɗan, a cikin koko. Makon farko tashin zuciya ya dame shi, aka rage, aka sake gyarawa. Wata safiya ina shara na ji shiru a zaure, ba ƙarar kofi a kan faranti kamar kullum. Na leƙa. Yana riƙe da shayinsa, bai zubar ba. Na koma bayan ƙofa na yi kuka da tsintsiya a hannuna.

Ciwon bai tafi ba, har yau yana nan, kuma likita na duba shi. Amma Baba ya koma gaban sahu. Ranar da zan kare bincikena ya sa babbar rigarsa, ya hau zemijan da kansa, dattawan Zongo suka biyo shi, suka cika kujerun baya. Ba su ji rabin Faransancin ba. Da aka sanar na ci, sai ya miƙe ba tare da an kama shi ba, ya ɗaga hannuwa biyu ya fara addu'a, har malaman da ba Musulmi ba suka tsaya sai da ya shafa.