Mai Goge Azurfa

A layin maƙeran ado kowa Malama yake ce mata, alhali ba ta taɓa riƙe alli ba. Shekara biyu ta yi a jami'a tana karatun kimiyyar sinadarai, sai idon mahaifinta ya fara yana. Ta nemi izinin dakatar da karatu na zango ɗaya, ta dawo shagonsa. Zangon nan yau shekararsa uku.

Shagon taku huɗu ne. Da akwatin gilashi, da sikeli, da dutsen gwaji baƙi, da kujerar tsohon wadda ba mai zama a kanta sai shi. Yayyenta maza biyu kuwa, gwanayen ba da shawara ta waya, kullum cewa suke, "Ki ƙara haƙuri, ai ke ce mai ilimin abin."

Aikinta na kowace safiyar Asabar gugar azurfa ne. Zinariya tana kwance abinta kamar ba da ita ake ba, azurfa kuwa ko a rufe take sai ta yi baƙi. Malama ta san dalili, sanin kuma ba ya rage mata ciwon yatsu. Wata rana ta yi wa tsohon bayani.

"Baba, ƙwayar zarrar zinariya furoton saba'in da tara ne a cikinta, ta azurfa arba'in da bakwai. Kowacce tana da elektaron guda a can waje. Zinariya ta riƙe nata gam, ba ta kula kowa. Azurfa tana haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska sai ta karɓa, shi ne baƙin nan."

"To," in ji shi, "ashe azurfar ce mai son mutane."

Ta yi dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Sai takarda ta zo daga jami'a: in ba ta koma ran Litinin ba, an rufe gurbinta. Ta sa ta a aljihun jaka, kwana huɗu tana neman bakin da za ta faɗa masa. Ta ma haɗa kaya a ɓoye. Tana son tafiyar nan kamar ranta, tana kuma jin kunyar son.

Ran Asabar wata mata ta kawo warwaro, ta ce a narka a yi wa 'yarta 'yan kunne. Tsohon ya goga shi a dutse, ya kai shi har kusa da ido, ya ce zinariya ce tsantsa. Shekara arba'in bai taɓa yanke hukunci ba sai ya sa magagari ya ɗan kankare ya ga ciki. Yau bai yi ba, don ko ya kankare ba zai gani ba.

Malama na karɓar warwaron ta ji bai kai nauyin girmansa ba. Zinariya ta kusa ninka azurfa nauyi, hannu ma ya sani.

"Baba, bari in ƙarasa, yadda ka koya mini," ta ce.

Ta kankare ta ciki, sai ga fari. Azurfa ce aka yi wa ruwan zinariya. Ta nuna wa matar, ta ce ai Baba dama gwajin farko ya yi. Matar ta tafi tana tsine wa wanda ya sayar mata, ba ta lura da komai ba.

Tsohon ya shafa dutsen da babban yatsa.

"Na ji ƙarar zif ɗin akwatinki jiya," ya ce. "Ki tafi, 'yar nan. Zan iya."

Da roƙonta ya yi, da ta sami abin yin fushi da shi, ta tafi. Ta dubi hannunsa yana lalube a kan tebur, yana neman magagarin da ke gabansa. Ta tura masa shi a hankali, yadda ba zai ji an tura ba.

"Wanki na haɗa, Baba."

Ran Litinin ita ta buɗe shago. Sarƙoƙin da ba ta ƙarasa gogewa ba ran Asabar suna nan a tire, da baƙinsu. Ta ɗauki tsumma.